Askin Bushiya

"Ga ta nan, ga ta nanku, ta sha hanya ta gaji."

"Ta zo mu ji ta, Iya, ga tabarma!"

To ku matso. Kai Mati, sauke ƙafarka daga kan ƙwaryata, ba kujera ba ce. Ke kuma Kuluwa, me kike yi can bayan turmi kamar baƙuwa? Ba za ki shigo cikin mutane ba? To zauna abinki, ai kunne ba ya neman tabarma.

Wai a zamanin da, Bushiya ba haka take ba. Ƙaya ce ko'ina a jikinta. Fuska ƙaya, hannu ƙaya, ƙafa ƙaya, ciki ma ƙaya. In tana tafe sai ka ce ƙarangiya ce ta yi ƙafa. Kuma abin bai taɓa damunta ba. Ta ci ƙwarinta, ta sha ruwanta, ta miƙe a fili ta yi barcinta, ba wanda ya isa ya taɓa ta. Tana da ƙawaye biyu, Zomanya mai dogon kunne da Barewa mai siraran ƙafafu. Kullum da yamma tare suke zuwa dandali.

Akwai kuma Dila. Kun san shi, ga wayo ga yunwa. Ya yi sanɗa zai kama Zomanya, tun yana nesa kunnenta ya jiyo shi. Ya bi Barewa, ƙura kawai ya sha. Ya kai wa Bushiya cizo, ya daɗe yana shan kunu don baki ya ƙi tauna. Sai ya zauna ya yi tagumi, ya ce, "Kunne, ƙafa, ƙaya. Su suka hana ni cin nama. Ni ba zan iya raba su da su ba. Amma su da kansu za su iya."

Sai ya samo zabira irin ta wanzamai, ya zuba aska da hantsaki a ciki. Ya kafa hula, ya je gindin wata tsamiya da ke kan tudu a hanyar dandali, ya shimfiɗa buzu. Ya ce shi ya tuba da cin nama, yanzu wanzanci yake yi, gyaran 'yan mata.

Zomanya ta zo wucewa.

Ya ce, "Sannu 'yan mata. Tubarkalla, irin wannan kyau haka! Sai dai..."

Ta ce, "Sai dai me, Wanzami?"

Ya ce, "A'a, ba komai. Wuce abinki."

Ta ce, "Don Allah faɗa mini."

Ya ce, "Kunnen ne. Amma ai ba laifinki ba ne."

Yara, ku ji tsoron "sai dai." Aska in ta yanka ana ganin jini, ita kuwa "sai dai" a ciki take yanka. Zomanya ta koma gida, ta nannaɗe kunnuwanta, ta ɗaure su tamau a cikin ɗankwali. Daga ranar sai an yi mata magana sau biyu take ji.

Barewa ta zo wucewa.

Ya ce, "Kai, wannan ido, wannan wuya! Sai dai ƙafafun, kamar tsinken tsire."

Barewa ta koma gida, ta tono mundayen ƙarfe na kakarta, ta jera su a ƙafa har gwiwa don kada a ga sirantar. Daga ranar in tana tafiya sai kacau, kacau, tana jan ƙafa kamar mai ciwon baya.

Bushiya ta zo wucewa.

Ya ce, "Sannu 'yar gajeriya mai fara'a. Kin yi kyau, sai dai ƙayar."

Ta ce, "Ai tawa ce." Ta yi gaba abinta.

Maganar Dila ba ta kama ta ba. Ta ƙawayenta ce ta kama ta, don wanda aka taka shi ma wanda zai taka yake nema.

Kun san yadda ake gaɗa. 'Yan mata su jeru suna tafi, ɗaya ta juya musu baya ta saki jiki ta faɗo, su tare ta su cilla ta sama. Ita Bushiya a da waƙa kawai take bayarwa, don tana da murya. Ran nan sai ta ce, "Yau ni ma zan faɗo." Ta shiga tsakiya, ta juya baya, ta ɗauki waƙa. Ku yi mini amshi.

*In na faɗo wa zai tare ni?*

"Faɗo, faɗo, muna nan!"

Yauwa, haka amshin yake. Amma ba haka suka yi mata ba. Zomanya ta kalli Barewa, Barewa ta kalli Zomanya, suka ja da baya, suka ce:

*Faɗo, faɗo, ƙasa na nan!*

Tim! Bushiya ta faɗi a ƙasa. Dandali ya ɗauki dariya.

Barewa ta ce, "Wa zai tari ƙarangiya da hannunsa?"

Zomanya ta ce, "Je ki a gyara ki tukuna."

Wallahi ni duk sanda na zo nan wurin sai raina ya ɓaci. Bushiya ta tashi, ta kaɗe ƙasa, ta tafi gida tana haɗiye kuka.

Ta ce, "Inna, me ya sa kika haife ni haka?"

Uwar ta ce, "Haka yaya?"

Ta ce, "Da ƙaya."

Uwar ta ce, "'Yar nan, wanda ya ɗinka miki rigar nan ya san awonki. Zauna ki ci abinci."

Maganar ta bi ta bayan kunne. Gari na wayewa sai ga Bushiya a gindin tsamiya.

Ta ce, "Wanzami, ana iya cire ƙaya?"

Dila ya ji kamar ya taka rawa, amma ya daure ya gyara hula. Ya ce, "Ana iyawa, amma a hankali. Yau fuska za mu yi."

Ta ce, "Ladan aikin fa?"

Ya ce, "Haba, tsakanina da ke? Bari sai an gama duka."

Hmm. Wanzamin da ba ya karɓar lada, ku tambayi abin da yake ci. Ya jiƙa mata fuska da ruwa da sabulu kamar yadda wanzamai ke yi, ya ɗauko hantsaki, yana tsiga yana waƙa. Amshinku shi ne "Sai an sha wuya akan sha daɗi."

*Tsiga ɗaya, kyau ya matso.*

"Sai an sha wuya akan sha daɗi!"

*Tsiga biyu, kyau ya iso.*

"Sai an sha wuya akan sha daɗi!"

Bushiya tana hawaye tana cije baki, har fuska ta fita sumul. A hanya ƙuda ya sauka a hancinta, abin da bai taɓa yi ba. Rana ta gasa mata goshi. Ba ta damu ba, yamma kawai take jira. Da ta isa dandali ta ce, "To, ku duba."

Zomanya ta ce, "Fuska kam ta yi. Sai dai hannu da ƙafa."

Kun ji? "Sai dai" ta bar bakin Dila ta koma bakin ƙawaye. Haka take yaɗuwa, kamar ƙaiƙayi.

Kashegari Bushiya ta koma. Dila ya ce, "Yau hannu da ƙafa, mu haɗa da ciki." Ya jiƙa, ya ɗauko hantsaki.

*Tsiga ɗaya, kyau ya matso.*

"Sai an sha wuya akan sha daɗi!"

Ya tsige hannu, ya tsige ƙafa, ya tsige ciki tas. Bushiya ta sauko daga tudu tana ɗingishi. Cinnaka ya cije ta a ƙafa, tsakuwa ta kurje mata ciki, sanyi ya shige ta. Uwar ta gan ta, ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Na shiga uku! Wa ya yi miki wannan aika-aika?"

Ta ce, "Gyara ne, Inna."

Uwar ta ce, "Garin neman gira za ki rasa ido."

Bushiya ta murguɗa baki ta tafi dandali. Ta ce, "To yanzu fa?"

Barewa ta zagaya ta, kacau, kacau, ta ce, "An yi ƙoƙari. Sai dai bayan. Ai da baya ake faɗowa."

A rana ta uku Bushiya ta sake hawa tudu. Ƙayar baya kaɗai ta rage mata a duniya. Ta tarar Dila ya hura wuta a gefe.

Ta ce, "Wutar fa, Wanzami?"

Ya ce, "Ta ɗumama ruwa ce."

Ta duba ba ta ga ruwan ba. Ya buɗe zabira, maimakon sabulu sai ya fito da kwalbar man gyaɗa da ƙullin wani jan gari.

Ta ce, "Wannan kuma fa?"

Ya ce, "Sabon sabulu ne, daga birni aka kawo."

Ta shinshina. Atishau! Ta ce, "Sabulu mai sa atishawa?"

Ya ce, "Na 'yan gayu ne, ke ba ki waye ba. Kwanta rigingine in fara shafa miki a inda aka gama, sannan mu juya bayan."

Ta kwanta. Ya shafa mai, ya barbaɗa jan gari. Ya tsaya yana kallon cikin nan fari, mai taushi, yana ƙyalli. Yawu ya tsinke masa. Bai san sanda ya ce ba:

"Kai, yarinya, za ki yi daɗi!"

Ta ce, "Na'am?"

Ya ce, "Kyau! Za ki yi kyau na ce."

Ta ce, "Daɗi ka ce."

Ya ce, "Suɓutar baki ce."

Kai Mati, budurwa in ta yi kwalliya, me ake cewa ta yi?

"Kyau!"

Me ke yin daɗi?

"Nama!"

Allah ya yi maka albarka. Baki shi ke yanka wuya. Bushiya ta kalli wuta, ta kalli man gyaɗa, ta kalli jan garin nan, ashe yaji ne. Ta ce, "Au! Ashe ni ke shan wuyar, kai ke shirin shan daɗin!"

Dila ya ga asiri ya tonu, ya jefar da hula, ya wage baki ya kawo cafka. Ina za ta gudu da 'yan gajerun ƙafafun nan? Ba ta da dabara ko ɗaya. Amma jikinta yana da ita. Kafin ta yi tunani, baya ya lanƙwashe, kai ya shige, hannu da ƙafa suka shige, cikin ya ɓuya. Ta dunƙule kamar curin fura, ƙaya ta miƙe ta ko'ina. Dila ya kafa baki a kai.

"Wayyo bakina!"

A cikin dunƙulen nan Bushiya tana jin zuciyarta tana bugawa, dum, dum, dum. Ta ji ƙayar da ta tsana ta tsaya mata kamar katanga. Sai kuka ya zo mata. Ta ce, "Jikina, yafe mini. Na kai ka wurin maƙiyi da ƙafata, na biya ka da hantsaki, kai kuma ga shi kana rufa mini asiri."

Dila ya zagaya ta, ya sassauta murya. Ya ce, "Haba 'yar gajeriya, wasa nake yi. Buɗe mana."

Ta ce, "Wasan da ake hura wa wuta? Na ƙoshi."

Ya ce, "To ga madubi, leƙo ki ga yadda kika koma."

Ta ce, "Duba hancinka da shi."

Ya ce, "Haka za ki zauna da ƙaya har ki tsufa? Ba mai tare ki a gaɗa!"

Wannan ta shige ta, don nan ne ciwon yake. Ta ƙara dunƙulewa. Can ta ce, "Gara in tsufa da ƙayata da in yi sumul a cikinka."

Ana cikin haka sai suka ji kacau, kacau, daga gangare. Ashe Dila ya ce wa Zomanya da Barewa su ma su zo ranar, wai zai rage wa ɗaya kunne, ya ciko wa ɗaya ƙafa. Ya ce, "Madalla. In an hana ni ƙaramar loma, ga manya nan tafe." Ya bar Bushiya, ya laɓe a bayan tsamiya.

Bushiya ta ɗaga murya, muryar nan tata ta waƙa. Ta ce, "Ku gudu! Ba wanzami ba ne, mahauci ne!"

Zomanya ba ta ji ba, kunne na cikin ɗankwali. Tana ta tahowa tana yanga. Barewa ta ji, ta juya za ta zabura, mundaye suka riƙe ta. Dila ya fito a guje ya nufe su.

To, Bushiya tana kan tudu, ga ta a dunƙule, ga mai a jiki. Ta tuna dariyar dandali. Ta tuna "ƙasa na nan." Duk da haka ta karkata, ta saki jiki, ta gangaro. Gurrr! Ta sha gaban Dila daidai lokacin da zai yi tsalle. Ya taka ta da ƙafar gaba, ya yi ƙara, ya hantsila, ya zo ya kifa fuskarsa a kanta. Ƙaya ta zane shi daga goshi har haɓa.

Barewa ta samu sarari ta yi ta watsal da ƙafa, mundaye suna fita suna tashi sama. Ɗaya ta sauka a tsakar kan Dila, ƙwal! Barewa ta sa haƙori ta fizge ɗankwalin Zomanya. Kunnuwa suka miƙe tsaye, ɓat, ɓat.

Zomanya ta ce, "Kai! Ashe haka duniya take da ƙara? Wa ke ihu?"

Barewa ta ce, "Wanzaminki ne!"

Dila ya tashi da ƙyar, fuska duk ɗigon jini, ya ranta a na kare. Bushiya ta leƙo da kai ta ce, "Wanzami, tsaya mana in ƙarasa maka jarfar! Wallahi ka yi kyau, sai dai hancin!"

Bai waiwayo ba. Kun san jarfa, 'yan tsagar nan da wanzami ke yi wa mutane a fuska don ado. To shi ya yi wa wasu, da aka yi masa ya gudu. Shi ya sa kuke jin ana cewa wanzami ba ya son jarfa.

Suka rage su uku a gangare. Zomanya tana murza kunne, Barewa tana tona ƙasa da kofato.

Can Barewa ta ce, "Ƙawata, mun cuce ki."

Zomanya ta ce, "Ni kunnena ne ke damuna, na huce a kanki."

Bushiya ta ce, "Na ji, ya wuce. Amma ku saurara. Ba zan ƙara cire ko tsinke ɗaya ba. In za ku tare ni, da ƙayata za ku tare ni. In ba za ku iya ba, in ci gaba da waƙata."

Suka raka ta gida. Uwar ta wanke mata yajin da ruwan ɗumi, tana wankewa tana faɗa, tana faɗa tana share hawaye. Da ta ji abin da ya hana a tari 'yarta a gaɗa, sai ta ce, "Yanzu duk a kan wannan ne? Ku 'yan matan zamani ba ku da dabara! In tukunya ta yi zafi fasa ta ake yi? Ai tsumma ake sawa a sauke." Ta miƙa hannu ta zaro faifai daga kan ƙwarya, ta ba Zomanya.

Da yamma aka cika a dandali. Zomanya kunne a tsaye, Barewa ƙafa ba ƙarfe. Suka kama faifai, wannan ta riƙe gefe, wannan ta riƙe gefe. Bushiya ta shiga tsakiya ta juya baya. Gabanta yana faɗuwa, don wanda ya taɓa shan ƙasa ba ya mantawa. Ta ɗauki waƙa:

*In na faɗo wa zai tare ni?*

"Faɗo, faɗo, muna nan!"

Ta rufe ido ta saki jiki. Caraf! Ta faɗa cikin faifai. Suka cilla ta sama, ta dunƙule, ta juya, ta dawo, suka sake tarewa. Ba a taɓa ganin wadda ta yi sama kamarta a dandalin nan ba. Tana dariya tana cewa, "A ƙara! A ƙara!"

Ƙayar da aka tsige kuwa ba ta sake fitowa ba. Shi ya sa har yau in ka juya bushiya za ka ga fuskarta da cikinta ba ƙaya, kuma in ta ji motsi sai ta dunƙule, tana tsaron abin da ya rage mata. Jikinka shi ne gidanka na fari. Duk wanda ya ce sai ka rage kanka sannan za ka yi kyau, duba da kyau, wataƙila ya hura wuta a gefe.

Ni dai ɗazu a bakin rijiya na ji wani ɗan ƙaramin dila yana cewa wata tana da kyau, sai dai baƙa ce. Na kuma hangi wata a bayan rumbu tana dirzar hannunta da dutse har ya yi ja. Ban kama sunan kowa ba. Kai Mati, me ka sunkuyar da kai kake nema a ƙasa?

"Iya, wasa nake yi mata."

Haka Dila ma ya ce. Kuluwa, taso daga bayan turmin nan. Zo, miƙo hannun in gani. Kin ga fatar nan? Irin tawa ce, irin ta uwata ce. Ta sha rana ta sha ruwa, ta yi noma ta yi goyo, ba ta taɓa yage mini ba. Wanda ya ɗinka ta ya san awonmu. To juya musu baya ki ba da waƙar, ko a hankali ne. Ku kuma ku miƙe ku jeru, har da kai Mati, ka tsaya a tsakiya.

"In na faɗo... wa zai tare ni?"

"Faɗo, faɗo, muna nan!"

Ƙurunƙus kan Dila. Yau kusu ya huta.